Idan Jami'ar Bincike Tana Ganin Ɓoye, Me Ya Rage wa Mai Karatu?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ina da ƙorafi kan wani nau'in littattafan binciken kisa da ake yawan yabawa, waɗanda ake haɗa jami'a mai baiwar ganin ɓoye da makashin da ke yi wa mutane ɗauki-ɗaiɗai. Kun san yadda suke tafiya. An tsinci gawa ta uku, 'yan sanda sun rasa bakin zaren, sai a nemo wata baiwar Allah wadda da ta taɓa zoben mamaciya sai daren kisan ya dawo mata a ido. Ina karanta su, kuma suna riƙe ni ƙwarai. Amma duk sanda na kai shafin ƙarshe sai in ji an ƙware ni. A labarin bincike na asali, abin da jami'i ya gani ni ma na gani, in na sa hankali ina iya riga shi gano mai laifin. A nan kuwa ana nuna mata abin da ni aka ɓoye mini. Ni kaɗai abin ke damu?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Maman Hanan, ba ke kaɗai ba ce, wannan ƙorafi ya girme mu duka. Tun 1928 wani marubucin Amurka, S. S. Van Dine, ya jera ƙa'idoji 20 na rubuta labarin bincike, a ciki ya hana warware kisa ta hanyar kiran ruhin matattu ko karanta zuciyar mutum ko duba. Shekara guda bayan nan Ronald Knox, limamin Katolika a Ingila wanda shi ma yake rubuta irin waɗannan labarai, ya kawo nasa guda 10, ta biyunsu ita ce kada a shigo da abin da ya saɓa wa al'adar halitta. Hujjarsu ita ce taki: labarin bincike gasa ce tsakanin marubuci da mai karatu, dole a baje alamu a gaban kowa.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Arthur Conan Doyle, marubucin Birtaniya da ya ƙirƙiro shahararren ɗan binciken nan na labari, Sherlock Holmes. Mutumin nan ya yarda ƙwarai cewa ana iya magana da matattu, har yawon lacca ya yi ta yi a kai. A Disambar 1926, da marubuciya Agatha Christie ta ɓace kwana 11, shi da kansa ya ɗauki safar hannunta ya kai wa mai duba. Duk da haka bai taɓa barin jami'in da ya ƙirƙira ya kama mai laifi ta wannan hanya ba. Ya san abin da ke kashe labari. Ita kuwa matar a wani otal a Harrogate aka same ta, ma'aikatan wurin ne suka gane ta.

Zulai:
Malam Habu, Allah ya ƙara sani, amma waɗancan ƙa'idoji na wani irin labari ne dabam, irin wanda ake tara mutum takwas a gida ɗaya a ce nemo wanda ya zuba guba. Waɗannan da Maman Hanan ke magana a kai ba kacici-kacici ba ne. Sau da yawa tun babi na uku an nuna maka makashin, ka san sunansa, ka ga yana bin wata yarinya a baya. Tambayar ba "wane ne" ba ce, tambayar ita ce za a cim masa kafin ya sake? Zuciyarka ce ke aiki, ba lissafi ba.

Kuma marubucin da ya iya ba ya ba jarumarsa fuskar makashi. Guntaye yake ba ta: warin fenti, ƙarar jirgin ƙasa, rabin lamba, hannu mai tabo. Ni da ita muna riƙe da guntayen nan lokaci ɗaya, kuma ita ma ba ta san ma'anarsu ba. To ina ƙwarar?

Maman Hanan:
Zulai ƙanwata, ƙwarar tana nan: wa ke zaɓar lokacin da guntun zai zo? Duk sanda labari ya cije, marubuci ya rasa yadda zai fitar da kansa, sai kan jaruma ya sara, ta faɗi, ta tashi da sunan titi. Jami'in da ba shi da baiwa dole ya sha wuya kafin ya samu sunan titin nan, kuma wuyar ita nake son karantawa.

Baban Zara:
Ni damuwata ta wuce ta daɗin labari. Littattafan nan suna sa mutane su ɗauka cewa a zahiri ma haka ake yi, wai 'yan sanda suna da 'yan duba a ɓoye da ke kama musu manyan makasa. An gwada, kuma an ga sakamako.

A farkon 1964, ana tsakiyar tashin hankalin matan da ake shaƙewa a birnin Boston na Amurka, aka ɗauko Peter Hurkos, mutumin Holan da ke cewa baiwarsa ta zo ne bayan ya faɗo daga tsani a 1941. Ya shafa kayan mamatan, ya nuna wani mai tallan takalmi da ke fama da taɓin hankali. Ba shi ba ne. Albert DeSalvo ne ya amsa laifin a 1965, kuma a 2013 gwajin ƙwayoyin halitta ya haɗa shi da kisan Mary Sullivan, ta ƙarshe a jerin. Haka a Ostireliya: yara uku 'yan gidan Beaumont suka ɓace a bakin teku kusa da Adelaide ranar 26 ga Janairun 1966, aka kawo Gerard Croiset, shi ma daga Holan, ya ce suna ƙarƙashin wani ɗakin ajiyar kaya. Aka fasa daɓe aka haƙa, ba a samu komai ba, har yau ba a ga yaran ba. A 1979 kuma Martin Reiser, masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki da 'yan sandan Los Angeles, ya tara masu ikirarin baiwa 12, ya ba su shaidun laifuka huɗu a rufe cikin ambulan. Ba su faɗi abin da zai amfani bincike ba.

Zulai:
Yaya, na yarda da duk wannan, amma ƙagaggen labari muke magana. Wanda ya karanta labarin doki mai fiffike ai ba ya fita neman sa.

Baban Zara:
Doki mai fiffike ba ya da lambar waya, Zulai. Masu duban nan suna da ita, kuma mutanen da ke neman su iyaye ne da 'ya'yansu suka ɓace. Ki ji wannan. Amanda Berry ta ɓace a birnin Cleveland na Amurka a Afrilun 2003, ana gobe za ta cika shekara 17. A 2004 mahaifiyarta ta je wani shirin talabijin inda Sylvia Browne, wadda ta yi suna wajen ikirarin ganin ɓoye, ta gaya mata a gaban jama'a cewa 'yarta ba ta raye. Uwar ta rasu a 2006. Ranar 6 ga Mayun 2013 Amanda ta kuɓuta da ranta daga gidan da aka tsare ta shekara goma, a cikin garin nan dai. Matar nan ta bar duniya an riga an kashe mata 'ya da baki.

Anti Rabi:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan ya taɓa ni. Duk uwa ta san fatan ganin ɗa shi ke tashe ta da safe. A ƙwace mata shi don a burge 'yan kallo, wannan zalunci ne.

Malam Nura:
Tunda magana ta zo nan bari in sa baki, ba da sunan fatawa ba. Musulmi dai ya san gaibu na Allah ne, aya ta 65 a Suratun Namli ta yanke wannan. Kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Karanta ƙagaggen labari abu ne dabam da gaskata boka, amma mai karatu ya riƙa duba zuciyarsa, kada abin da ya shiga a matsayin nishaɗi ya zauna a matsayin aƙida, musamman ga yara.

Abin da nake son jawo hankalinku gare shi shi ne muna da gadon bincike mai ƙarfi wanda bai buƙaci duba ba. Ku koma Suratu Yusuf. Matar Azizu ta yi zargi, Annabi Yusuf (AS) ya musanta, babu wanda ya gani. Sai mai shaida daga danginta ya ce a dubi rigar: in ta gaba aka yage ta, matar ce mai gaskiya, in ta baya ce, shi ne mai gaskiya. Aka duba, ta baya ce. Tun farkon surar ma 'yan uwansa sun kawo riga da jinin ƙarya, malaman tafsiri suka ce uban ya lura babu inda ta yage, wane kerkeci ne zai cinye yaro ya bar rigarsa lafiya? Ga hukuncin Annabi Sulaiman (AS) tsakanin mata biyu da ke jayayya kan jariri, inda tausayin uwar gaskiya ya tona ta. Ga Iyas ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra a zamanin Umar ɗan Abdul'aziz, wanda har karin magana Larabawa ke yi da kaifin lurarsa. Ibnul Ƙayyim ya yi littafi guda kan yadda alƙali zai yi aiki da alamu. Wannan ita ce firasa: ido mai lura da hankali mai haɗa abu da abu. Kowa na iya bin sawunta ya ga inda ta fito.

Ɗan Auta:
Malam, Allah ya saka da alheri. Tambayata ga manya: masu hasashen siffa da halin makashi na FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, fa? Su ma ai suna duba gawa ne su ce mai laifin ɗan shekara talatin ne, yana zaune da mahaifiyarsa, yana da in'ina. Mene ne bambancinsu da mai ganin ɓoye? A littattafai kusan iri ɗaya ake nuna su.

Malam Habu:
Ɗana, ka yi tambaya mai kyau. A asali akwai bambanci. Sashen nazarin halayya na FBI an buɗe shi a Quantico a 1972, daga baya Robert Ressler da John Douglas suka riƙa shiga gidajen yari suna hira da makasa, har mutum 36, suna neman abin da ke maimaituwa. Wato ƙiyasi ne daga abin da aka taɓa gani, yana iya dacewa yana iya kuskurewa. Marubuta ne suka mai da shi kamar duba.

Ka ɗauki labarin da aka fi kafa hujja da shi. George Metesky ya yi shekara 16 yana dasa bamabamai a New York. A ƙarshen 1956 likitan ƙwaƙwalwa James Brussel ya zana siffarsa, har da irin kwat ɗin da zai sa in an kama shi, kuma wannan ya zo daidai, shi ya sa labarin ya yi suna. Amma wadda ta gano shi a Janairun 1957 Alice Kelly ce, ma'aikaciyar kamfanin wutar lantarkin da ya taɓa yi wa aiki. Ta bi tsoffin fayilolin ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, ta ga kalmomin da ke cikin wasiƙun da yake aika wa jarida a cikin fayil ɗinsa. Ana tuna kwat, ana manta matar.

Dalilin da ya sa muke manta kurakurai mu riƙe abin da ya dace, an gwada shi ma. A 1948 Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 takarda, ya ce bayanin halin kowa ne shi kaɗai. Suka ba ta maki fiye da 4 cikin 5 wajen dacewa. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa. Wanda ya ce "ina ganin ruwa, ina ganin bishiyoyi, ina ganin harafin M", duk inda aka tsinci gawar za a samu abin da za a ce ya faɗa.

Baban Zara:
Kuma in ka bi yadda aka kama manyan makasan nan, za ka ga abin da Maman Hanan ke cewa tana son karantawa. David Berkowitz, da ya kashe mutum shida a New York, takardar tara ce ta kai gare shi a Agustan 1977, don ya ajiye mota kusa da famfon 'yan kwana-kwana a daren harinsa na ƙarshe. Dennis Rader ya kashe mutum 10 a Kansas daga 1974 zuwa 1991, ya yi shiru, sannan girman kai ya sa ya dawo yana aika wa 'yan sanda saƙo. Har tambayar su ya yi ko za a iya gano shi in ya aiko da faifan kwamfuta. Suka amsa ta jarida cewa babu matsala. Ya aiko a Fabrairun 2005, a cikin wani fayil da ya goge aka ga sunan cocinsu da sunan Dennis. Rana dubu ta ɓarawo.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne na Peter Sutcliffe a arewacin Ingila. Mata 13 ya kashe tsakanin 1975 da 1980. Sau tara 'yan sanda suka yi masa tambayoyi suka sake shi. Bayanan suna nan, a kan katunan takarda da suka yi yawan da sai da aka ƙarfafa daɓen ofishin, amma babu wanda ya haɗa tara ɗin wuri ɗaya. Ga shi kuma a 1979 wani ya aiko da kaset na ƙarya yana cewa shi ne, manyan jami'ai suka gaskata, suka riƙa sallamar duk wanda karin harshensa bai yi kama da na kaset ɗin ba. Mata uku suka ƙara mutuwa bayan nan. A ƙarshe, ranar 2 ga Janairun 1981 a Sheffield, lambar motar bogi ce ta sa aka tsare shi. Wani sajan ya tuna cewa mutumin ya nemi izinin kewayawa lokacin da aka kama shi, ya koma wurin ya tarar da guduma da wuƙa. Wace mai ganin ɓoye ce za ta ba ka tashin zuciya irin na wannan komawar?

Anti Rabi:
Ni kuma a nan zan tsaya wa Zulai kaɗan. Ku lura da abu ɗaya: a yawancin littattafan makasa, makashin ne sarki. Shi ke da wayo, shi ke da tarihi, shi ake ba babi guda yana bayyana tunaninsa. Wadda aka kashe kuwa gawa ce a shafi na biyu, daga nan sai hotonta a jikin allo. A zahiri ma ba wayonsu ne ke sa su daɗe ba. Samuel Little ya amsa kashe mutum 93 a Amurka tsakanin 1970 da 2005, a 2019 FBI ta ce ta tabbatar da 50. An sha kama shi kan wasu laifuka ana saki. Abin da ya rufa masa asiri shi ne irin matan da yake zaɓa, talakawa, marasa gata, waɗanda da yawansu aka rubuta cewa ƙwaya ce ko haɗari ya kashe su. Babu wanda ya tsaya tambaya.

To a cikin littattafan nan, mai baiwar ita ce kaɗai ke jin tsoron da mamaciyar ta ji, ta san sunan da uwarta ke kiran ta, ta ƙi yarda a rufe fayil. Ina ganin abin da ke jan mu ke nan, ko ba mu faɗa ba. Ba kamun muke nema wurinta ba, muna son a samu wanda zai saurari wadda aka kashe.

Zulai:
Anti, kin faɗi abin da na kasa faɗa. Waɗanda na fi so su ne inda baiwar ta zame wa jaruma ciwo. Ba ta barci, abokan aiki na gudun ta, kuma akwai ranar da abin da ta gani ya sa aka tsare marar laifi, dole ta kalli iyalinsa.

Maman Hanan:
In haka ne ba mu yi nisa da juna ba. Ta ji zafin mamaciya, na yarda, wannan yana ƙara wa labari nauyi. Amma sunan makashi da inda yake, a bar ni in same su tare da masu bin takardu. Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne littattafan da mai shakka a cikinsu kullum shi ne wawa, kuma a babin ƙarshe sai ya zo ya ba ta haƙuri. Bayan abin da Baban Zara ya kawo, mai shakkar ne ya kamata a girmama.

Hauwa:
Na daɗe ina bin ku shiru saboda ina rubuta irin wannan labarin. Jarumata tana yin mafarkin matan da aka kashe, kuma na tsara cewa mafarkin zai nuna mata gidan makashin, 'yan sanda su fasa su ceto yarinya ta ƙarshe. Yanzu jikina ya yi sanyi. Malam Habu, Yaya Baban Zara, ta ina zan gyara ba tare da na rushe komai ba?

Malam Habu:
Kada ki rushe, 'yata. Gwaji ɗaya za ki yi: ki cire duk mafarkan ki ajiye gefe, ki karanta abin da ya rage. In har mai karatu zai iya isa gidan nan da alamun da ke hannun 'yan sanda, to ki mayar da mafarkan, sun zama ƙari. In ba zai iya ba, alamu ne suka yi miki kaɗan. Kuma ki bar ƙofa a buɗe cewa abin da take gani a barci wataƙila abin da idonta ya ɗauka ne da rana ba ta ankara ba. Ta haka mai shakka da mai sha'awar baiwa duk za su iya karanta ki, kuma kin kauce wa abin da Malam Nura ya yi gargaɗi a kai.

Baban Zara:
Ƙanwata, ki kuma yi tunanin alƙali. Kafin a shiga gidan mutum a bincika sai da takardar izini, kuma alƙali zai tambayi dalili. Babu jami'in da zai rantse a kan mafarki. A Amurka ma, shaidar da aka samo ta hanyar binciken da ya saɓa doka kotu na iya watsi da ita, makashi ya fita. Wannan kansa babi ne mai zafi a hannunki: jarumarki ta tabbata yarinyar na cikin gidan, lokaci na tafiya, amma ba ta da abin da za ta ajiye a gaban alƙali. Ki ba ta abokiyar aiki mai haƙurin bin rajista, wadda za ta kwana tana duba sunayen waɗanda aka taɓa yi wa tambayoyi aka saki. Ki sa sunan mutumin ya riga ya bayyana tun babi na huɗu a cikin jerin shaidu, da ɗan saɓani tsakanin lokacin da ya ce ya tashi daga aiki da lokacin da takardar wurin aikin ta nuna. Da wannan saɓanin za su je wurin alƙali.